Na Tace Zumar Baba, Na Jawo Masa Zargi

Malama Zulaihatu, don Allah ki taimake ni, na kasa zaune na kasa tsaye.

Mahaifina, Malam Dodo, ya shekara talatin yana kiwon zuma a garkar bayan gidanmu, wajen Ƙofar Dundaye. Ni kuwa zane na koya. Burina mutanen gari su ma su ajiye amya a bayan gida, a daina ganin sai ƙauye ake samun zuma. Na ce bari in fara da tamu. Na tace ta sau uku har ta yi garau, na zuba a sababbin kwalabe, na liƙa takarda mai ruwan gwal da sunan Baba ɓaro-ɓaro, ina ta jin kaina.

Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi. Mutanenmu sun saba ganin zuma a tsohon galan, guntun saƙa da mataccen ƙudan zuma na yawo a sama, shi ne shaidarsu. Yanzu ana cewa Baba ya fara dafa sukari. Junaidu mahauci, wanda ya fi shekara goma yana saye, ya tsoma ashana cikin zumar a gabana ya ƙyasta, ta kama, alamar ba gauraye, amma ya ajiye kwalbar ya tafi. Jiya na ga Baba yana wanke tsohon galan ɗinsa. Kunya ta ishe ni, haushi kuma yana cina. In ɓare takardun ne ko in dage?

Ɗan mai zuma, Sakkwato

Ɗana, kwantar da hankalinka. Tsabta ba laifi ba ce, masu sayen kuma ba wauta suka yi ba: an sha cutarsu da kwalba mai sheƙi. Kuskurenka ɗaya, ka cire shaidar da suka sani ba ka ba su wata ba.

Kada ka ɓare komai. Saka yankin saƙa a kowace kwalba, a gan shi tun daga nesa. Ranar ɗiban zuma ka gayyaci Junaidu da maƙwabta su ga tacewar da idonsu, a nan ma masu sha'awar amya za su fito.

Amma kafin nan ka je ka durƙusa gaban mahaifinka ka ba shi haƙuri. Shekara talatin ya yi yana gina sunan da ka liƙa ba ka tambaye shi ba. In ya ce galan, ka riƙe masa mazurari har ya sauko.

Allah ya yi maka albarka, ya wanke Malam Dodo a idon jama'a.