Roka Mai Baki Shida, ta Kwali

Malama Sa'adiya Murtala,
Bayan Masallacin Juma'a,
Tudun Marke, ta hanyar Malumfashi.
Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga
Mai Girma Magajin Tudun Marke,
Shugaban Kwamitin Tsaro na Gari.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE MAIGIDANA MALAM MANNIR ABDUSSAMAD A OFISHIN 'YAN SINTIRI, DA SHIRIN FITO DA SHI KASUWA RANAR ASABAR

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, tare da addu'ar Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ni mai suna a sama, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata ta garin nan, ina gabatar da kokena a kan abin da ya sami maigidana, Malam Mannir mai gyaran injin ban-ruwa. Yau kwanansa biyu a kulle. Na zo ƙofar fada sau biyu ban sami iso ba, shi ya sa na koma ga takarda.

1. Asalin abin. A zangon karatun nan na zo kan darasin yadda iska ke tura abu sama. Littafin ya kawo hoton roka, ɗalibai suka yi ta kallona kamar ina ba su tatsuniya. Na koma gida na matsa wa Malam ya ƙera mini 'yar ƙarama in nuna musu. Ya ce aiki ya yi masa yawa, ga masu noman rani sun fara kawo injuna. Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya amsa. Ina so a rubuta wannan, ranka ya daɗe: ba ra'ayinsa ba ne, nacina ne.

2. Abin da aka ƙera ta da shi. Jikinta bututun kwali ne, irin wanda ake naɗe ledar tebur a kai, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Kanta hular kwali ce mai tsini. Da farko ya yi mata fikafikai shimfiɗaɗɗu, amma duk faɗowa sai sun karye a kan kunya. Sai ya yanko guntayen bututu shida daga kwali iri ɗaya, ya jera su kewaye da gindinta, ya manne da gam. Shida ne domin shida ne ke zagaye ɗaya cif, ba gibi; kowa na iya gwadawa da kofunan shayi bakwai. Iska ke ratsa su ta daidaita mata tafiya, kuma kowanne na tokare da ɗan'uwansa, ba sa karyewa. Abin da ke cilla ta fayif ɗin ruwa ne na roba da famfon hura taya na Kamalu mai faci. Babu albarushi, babu fetur, ko ashana ba a ƙyasta.

3. Gwajin. Ranar Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi, muka gwada ta a gonar Alhaji Sada da ke gabas da gari, bayan ya kwashe masararsa, kuma da izininsa. Alhajin yana tsaye a wurin, Kamalu na buga famfo. Ta tashi sau uku. A na ukun ta wuce kan tsamiya ta miƙe ɗoɗar, ta faɗi kusa da rijiya, ko bututu ɗaya bai ɓalle ba. Alhaji Sada ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam ya auna nisan da ƙafa, ya zana tsamiya da rijiya a littafinsa, ya rubuta taku ɗari da arba'in a tsakani, domin in ba ɗalibai lissafi da shi.

4. Kamun. Ranar Talata, 12 ga wata, wajen ƙarfe goma na safe, 'yan sintiri bakwai ƙarƙashin kwamandansu Malam Isah suka dira shagonsa a kan babura. Ba su tambaye shi komai ba. Suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar tayar da inji a gaban masu kawo gyara, suka wuto gida da shi, suka shiga har ɗakina ba sallama. Da suka ga rokar jingine a bayan ƙofa, sai duk suka ja da baya. Ɗaya ya zunguro ta da gora daga nesa. Malam Isah ya ƙirga bututun, ya ce baki shida ne, wato harbi shida. Fayif ɗin kuma ya ce shi ne uwar makamin, wadda ake saɓawa a kafaɗa. Na ce ya ɗaga ya ji nauyinta, ya shinshina ya ji ko da warin albarushi. Ya ce in rufe baki, mace ba ta koya masa makami. Yanzu haka, an ce mini, rokar tana cikin rami a bayan ofishinsu an kewaye ta da buhunan yashi. Kwali, ranka ya daɗe!

5. Littafin. Shi ma sun tafi da shi. Zanen tsamiya da rijiya da taku ɗari da arba'in shi ne yanzu ake kira taswirar hari. Na roƙi a kira Alhaji Sada da Kamalu. Aka ce Alhaji ya tafi Funtua kai hatsi, Kamalu kuma an aika masa cewa in ya buɗe baki famfonsa ma shaida ne a kansa. Tun jiya rumfarsa a rufe take. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali.

6. Sunan da aka liƙa masa. Ba na raina aikin 'yan sintiri. Ni ma na kwana a gonar dawa da 'ya'yana a daminar da ta wuce don gudun 'yan bindiga, na san darajar wanda ke tsaye a bakin gari. Na kuma san abin da kalmar roka ke nufi a kunnen mutumin yankin nan: ba hoton littafi ba ce, abin da 'yan bindiga ke ratayawa ne. Amma daga Talata zuwa yau an daina cewa Mannir mai inji, an koma cewa Mannir infoma, mai ƙera wa mutanen daji makami. Mutumin da mutanen dajin nan suka kore wa mahaifinsa shanun noma huɗu, baƙin cikin ya kwantar da tsohon har ya cika. Jiya na aika markaɗe aka dawo mini da shi ba a taɓa ba.

7. Abin da ya fi tayar mini da hankali. Malam Isah ya faɗa da bakinsa cewa jibi Asabar, ranar kasuwa, za su fito da shi da rokar a nuna wa jama'a. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da taron kasuwa ke yi wa wanda aka kira da wannan suna. Ba a jiran bayani. Mutum bakwai ba za su tare dubu ba, ko da sun so.

8. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har shi Malam. An yi ta tambaya wa ya kai tsegumi. Babu wanda ya kai. Ranar Lahadi, 10 ga wata, a gidan suna, cikin mata fiye da talatin, ni ce na buɗe baki don alfahari na ce maigidana ya ƙera roka mai baki shida, kuma ta tashi. Ban ce ta kwali ba. Na ga tsakar gidan ta yi tsit, na ɗauka burge su na yi. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane auna magana kafin a rubuta amsa.

Saboda haka nake roƙon alfarmar Mai Girma Magaji da abubuwa uku. A dakatar da fito da shi kasuwa. A mayar da shi hannun hukuma a yau, in ana ganin akwai abin bincike, ya fita daga ɗakin da yake. Sannan gobe Juma'a bayan an sauko, a gaban kwamiti da liman da Malam Isah da duk mai son gani, a tono rokar a kai ta gonar Alhaji Sada a sake cilla ta. In ana tsoron taɓawa, ni zan ɗauko ta daga ramin da hannuna. Malam Isah ya buga famfon da kansa, ya saita ta yadda ya ga dama. Ni kuma zan auna taku ɗari da arba'in daga tsamiya in tsaya a bakin rijiya, inda za ta faɗo. In makami ce, ta sami wadda ta jawo.

Ina neman afuwa in alƙalamina ya zarce. Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama lafiya.

Taka mai biyayya,

Sa'adiya Murtala
(matar Malam Mannir Abdussamad)