Kada Justice Ya Taɓa Kan Nan

Baban Kausar,

Na fita da wuri kafin gosulon Nyanya, ban so in tashe ka ba.

Albishirinka! Da ka koma barci bayan asuba, na haska tsakiyar kanka da fitilar waya. Wallahi gashi ya fara tsirowa, mitsi-mitsi kamar gero bayan ruwan shuka!

Jiya ka ce maganin sanƙon nan aikin banza ne, ka jefa shi a kwandon shara. Na ɗauko, yana kusa da turarenka. Ka shafa.

Kuma yau Juma'a, don Allah kada ka bar Justice mai aski ya yi maka tal-kwabo. Gonata ce, ni na yi wata da watanni ina ban-ruwa.

Nafisa