Garin da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin bincikenka. Ni ce Rabi, ƙanwarka, in ba ka manta ba. Na rubuto a nan inda kowa zai gani, don na lura waya ce ba ka ɗauka, amma yabon mutane a shafinka ba ya wuce ka.

Ka tuna farin garin nan mai kama da gishiri da ka aiko wa Baba nan Gozaki bara? Ka ce shi kuke haɗawa a can, yana shan ruwa ya riƙe wa shuka in damina ta yi tsaiko. Yadda ake zubawa kuwa ba ka faɗa ba. Kana sauri, kana da taro.

Baba ya zuba shi yadda ya saba zuba taki, cikin tafi a kowane rami. Da Kawu Sale ya ce a rage, cewa ya yi abin da ɗansa ya aiko ba a yi masa rowa.

Ruwan farko, garin ya kumbura. Kunyoyi suka tsattsage, wani abu mai santsi kamar ƙwan kwaɗi ya tunkuɗo irin masarar waje, tsuntsaye suka sha biki. 'Yan acaɓa har tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Gonar Dakta, haka ake kiranta har yau. Hatsin Kawu muka ci a shekarar.

Da na same ka daga baya, dariya ka yi. Ka ce ai garin iri biyu ne, wannan mai sakakken ɗauri ne, ya fi shan ruwa, ya fi kumbura, amma yatsa biyu ke murƙushe shi. Mai ɗauri da ƙarfi shi ke jure nauyin ƙasa. Bayani ya yi kyau, wallahi. Sannu ce kawai ba ta fito ba.

Baba dai bai taɓa ganin laifinka ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ragowar garin ya zuba a kwano gefen gadonsa, yana ba ta ruwa, yana nuna wa masu dubiya ilimin Kabiru. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ya ɗago kai. Ni ma ina ɗagowa, Yaya. Kai ne kake saɓa ni a kafaɗa ka haye rafi da ni, kana cewa in riƙe kunnenka da kyau. Na yi kewarka har na ji haushin kaina.

Baba ya rasu ranar Juma'a. Mun kira, mun sake kira. An kai shi, Kawu Sale ne ya shiga kabarin a madadinka. Yanzu ka ji, tare da duk mai karanta wannan.

Abin cikin kwanon ya bushe, bai cika cokali ba. Na ajiye maka, gadonka ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kai kuma Allah ya ja kwananka, ya ba ka ɗa mai ilimi irin naka.

Taka ƙanwa,
Rabi