Yaya Rakiya, Ɗiyarki Ta Ɗaga Kai

Assalamu alaiki, Yaya Rakiya, da rahamar Allah da albarkarsa. Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa babbar 'yar'uwarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, kuma waɗanda za su karanta wannan masu bibiyar rubutuna ne. To su karanta. Labarin naki ne, kuma ya yi mini yawa in riƙe shi ni kaɗai.

A kan Balkisa ne. Na san ba ki da haƙurin jiran ƙarshen magana, amma yau sai kin bar ni na bi ta daki-daki.

Kin tafi kin bar ta tana tsakiyar karatun likita a Paraku. Ta gama lafiya, sai ta ce ita fiɗa take so ta ƙware a kai. Gama makaranta likitan komai da komai yake mai da mutum, irina. Wanda ke son ƙwarewa sai ya sake neman wata ƙofa: ya haɗa takardunsa, ya zauna jarrabawar rubutu, sannan ya tsaya gaban manyan malamai a Kwatano su yi masa tambayoyi baki da baki. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ranar kasuwa.

Ni ce ke shirya ɗaliban da ake turo mana asibitin nan Malanbil koyon aiki. Bayan la'asar, in marasa lafiya sun ragu, sai in tara su a rumfar da ke bayan ɗakin magani. Mu duba takardu, mu bi tsofaffin tambayoyi, in yi musu faɗa in sun yi lalaci. Na shirya 'ya'yan mutane sun wuce, sai ga ɗiyar ɗakinmu ta faɗi bara.

Rubutun ta cinye shi tas. A gaban malaman ne abin ya lalace. Ta shiga ta rusuna, ta sadda kai, ta gaishe su kamar ta je gidan surukai. Suka tambaye ta abin da ta taɓa yi da hannunta a ɗakin fiɗa. Ɗiyarki, idonta a kan takalminta, ta ce ba ta yi wani abu ba, manyanta take taimaka wa. Yarinyar da na ga ta ɗinke hanji hannunta ko rawa bai yi ba. Wata abokiyar karatuna da ke aiki can ta gaya mini abin da babbansu ya ce bayan ta fita, wai wadda ba a jin muryarta ba za ta iya ba da umarni mutum na kwance a buɗe ba.

Na yi fushi da ke a ranar, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Muryarki na ji, kina bakin murhun banda a Garu, hayaƙin kifi na shiga idonki, kina ce mata, "Sadda kanki, manya na magana." Kin yi tarbiyya, ba wanda zai ce ba ki yi ba. Duk Garu da ɗiyarki ake yi wa yara misali. Sai dai mutanen Kwatano ba su san kunyarmu ba. Su a wurinsu mai kallon ƙasa ko dai bai sani ba ne, ko yana ɓoye wani abu.

Ta dawo ta ce mini sau ɗaya za ta ƙara gwadawa. In ta sake faɗuwa ta haƙura da fiɗa har abada, ta karɓi aikin da wani asibitin kuɗi ya yi mata tayi, ta zauna tana auna hawan jinin masu motoci. Kin san ɗiyarki, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Sai na kafa kotun gwaji a rumfar. Na roƙi Malam Isufu, tsohon darektan lakol ɗinmu, wato makarantar bokon da muka yi, wanda har yanzu in ya yi gyaran murya nake gyara tsayuwa, ya zo ya zama babban malami. Na zauna gefensa. Sauran ɗalibai suna shigowa suna zuba Faransanci. Balkisa na shigowa sai wuya ya karye. Na yi lallashi, na yi tsawa, na ɗaga mata haɓa da yatsana. Na manna takarda a bango saman hular Malam na ce ta riƙa kallonta. Duk a banza. Har cewa na yi ta yi wa madubi magana, sai ta ce ita kunyar madubin ma take ji.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa Baba ya zo daga Garu a bayan kabu-kabu, ya kawo mini albasa. Ya tsufa, Yaya, amma bakin nan yana nan yadda kika bar shi. Ya samu benci a gefen rumfar ya zauna yana jiran mu tashi. Ya ga jikarsa tana inda-inda gaban Malam Isufu. Bai san me ake yi ba, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Ya dai ga dama ta samu, ya ɗaga murya ya ce, "Wagga ita ce likitar taku? Matata ce, ni na san ta. Ko kihi ba ta iya heɗewa."

Da ma kina nan ki ga ɗiyarki. Ta juya ta kafa masa ido, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Tsoho, gyara zama ka ji abin da matarka ta yi." Sai ta kawo labarin wani manomi na Tumbutu, ƙauyen nan na kusa da mu, da sa ya soka a ciki. Yadda aka shigo da shi, abin da ta fara dubawa, dalilin da ya sa ba ta jira ba tunda babban likitan fiɗa na kan wani aikin, inda ta samu jijiyar da ke zubar da jini, yadda ta ɗaure ta kafin ya iso. Ta jero shi tsaf, murya a sake, babu "manyana" ko ɗaya a ciki. Ta ƙare da cewa mutumin yana gonarsa yanzu, in Baba na musu ya hau kabu-kabu ya je ya gani.

Ni da Malam Isufu muka kalli juna. Amsar da malaman Kwatano suka nema bara ke nan, ba ragi ba ƙari. Ashe akwai babba ɗaya a duniya da al'adarmu ta yarda yarinya ta kalla cikin ido ta yi masa fankama, shi ne kakanta. Shekaru ina shirya ɗalibai, abin yana cikin gidanmu, ban taɓa tunanin kawo shi rumfar ba.

Daga ranar kujerar tsakiya ta zama ta Baba. Duk ranar kasuwa sai ya zo da babbar rigarsa, ya zauna yana hura hanci. Aikinsa ɗaya ne, ya raina ta. Ita kuma ta rama da Hausa, sannan ta juya ga Malam Isufu ta maimaita da Faransanci kafin zafin ya huce. Da farko tana juyawa kan ke faɗuwa. Sannu a hankali ya fara tsayawa. Daga baya muka mai da Baba gefe, sannan bayan rumfa, har ranar da muka yi ba shi kuma ba ta lura ba.

Sauran ɗaliban da suka fito daga yankinmu, masu irin ciwonta, suka ce su ma a ara musu kaka. Baba ya karɓe su duka, ya raba musu sunayen tsiya. Abin har ya so ya wuce gona, don wata rana Balkisa ta gaya wa Malam Isufu hularsa ta karkace. Sai da na zaunar da ita na ce ido da murya za ta ɗauka ta tafi da su, tsiyar ta bar wa mai ita a Garu.

Ranar tafiyarta Kwatano na raka ta tashar mota da safe. Ban yi mata dogon wa'azi ba. Na dai ce ta gaishe su da ladabin da kika koya mata, don ba kayan zubarwa ba ne, in ta gama gaisuwar kuma ta nemi mai furfura a cikinsu.

Ta ce tana shiga ta gan shi a tsakiya, shi ne dai na bara, kansa fari fat. Ta gaishe su, ta miƙe. Ya yi mata tambayar bara. Ta ce a ranta, tsoho, gyara zama. Ta ba shi labarin manomin Tumbutu. Ya katse ta, ya ce ta yi ganganci da ba ta jira babbanta ba. Nan ne wurin da tsohuwar Balkisa za ta ce a yi haƙuri. Wannan kuwa ta dube shi ta ce da ta jira da gawa babban nata zai tarar, kuma ko gobe aka kawo mata irinsa haka za ta yi. Ta ce ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau, sannan ya yi rubutu.

Ranar da sakamako ya fito, ina zagayen marasa lafiya da hantsi wayarta ta shigo. An ɗauke ta, Yaya. Sunanta yana cikin na sahun gaba. Biyu daga cikin jikokin aro na Baba su ma sun samu, ɗaya fannin yara, ɗaya fannin mata. Ni da nake hana hayaniya a ɗakin marasa lafiya, ni ce na rangaɗa guɗa a tsakiyarsa. Wata tsohuwa da ake ƙara wa ruwa ta taya ni, ba ta ma san abin da ya faru ba. Daga nan na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kukan rashinki.

Na huce da ke tuni. Ladabin nan naki shi ya sa marasa lafiya ke sakin jiki da ita, kuma shi zai hana ta girman kai ranar da aka fara kiranta babbar likita. Kin yi naki, Baba ya ƙarasa. Ina alfahari da ita, ina alfahari da ke.

Da muka kai wa Baba labari, ya ce shi ya ci jarrabawar, a kawo masa takardarsa. Sannan ya shafa ƙullutun nan na bayan wuyansa, wanda na gaji da roƙonsa ya bari a cire, ya ce, "Ba mai taɓa shi sai matata ta gama. Ina jiranta." Karatun shekaru ne masu dama, kuma Baba yanzu sai da sanda yake tashi. A aikinmu ma likita ba ya sa wa nasa wuƙa. Ni da Balkisa muka haɗa ido, ba wadda ta gaya masa. Ta ce masa ya riƙe alkawari, ita za ta riƙe nata.

Allah ya ja kwanan Baba ya ga ranar da za ta dawo. Allah ya daidaita hannun ɗiyarki, ya sa waraka a cikinsa, ya tsare ta a garin da ba ta da kowa. Ke kuma Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya kai miki ladan duk ran da za ta ceta. Ya haɗa mu a Aljanna in ba ki sauran labarin da bakina.

Taki har kullum,
ƙanwarki Hamsatu,
daga Malanbil.