Tantabarun da Suka Ƙi Gidana

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya aiki? Mu a Batsari lafiya lau, sai takaicin da ka jawo mini.

Kai ka ce in fara kiwo da tantabara, wai ba ta da wahala, amma ba ka ce a fige gashin fiffikenta har ta saba ba! Na sayo biyu wajen wani mutum a garin Yasore. Ina sakinsu suka koma gidan mai su. Sau biyu ina ɗauko su a babur kafin mutumin ya gaya mini, yana dariya.

Gai da Anti Hauwa da yara. Ka taya su addu'a su zauna, in ba haka ba Juma'ar nan farfesu za mu sha.

Ƙaninka,
Lawal