Ba Kawu Ne Ya Hana Ni Ba

Legas, 9 ga Maris, 1976

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, yaya mutanen Indabo? Allah Ya jiƙan Kaka, Ya ba mu haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, sai dai ba na jin ɗanɗanonsa.

Na ji Baba ya daina amsa wasiƙun Kawu Dattijo, wai ya hana ni zuwa lokacin da Kaka take kiran sunana. Inna, ba haka aka yi ba. Kawu ya yanko mini tikitin jirgin ƙasa, ya kai ni har tasha. Na tsaya riƙe da ƙullin kayana, jirgi ya cika ya tashi ina kallo. Ba wanda ya riƙe ni. Tsoro na ji kada in zo a hana ni komawa ajin ɗinki.

Matar Kawu ta ce ƙaddara ce. Na sani, amma ni ce na ƙi shiga. Har yau ban yi kuka ba.

Yaya Halliru, in kai kake karanta mata, kada ka tsallake komai.

Inna, ki roƙi Baba ya amsa wa Kawu. In fushi zai yi, da ni zai yi.

'Yarki,
Yelwa