Takardar da Ta Ci Gonar Innata

Zuwa ga Madam, malamar da ke koya wa ƴan shekarar farko darasin nazarin mata da jinsi a jami'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗaliba ke yi wa malamarta, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da aikinki. Ni ce ɗalibar nan ƴar wani ƙauye a yankin Gangara, cikin ƙasar Gazawa, wadda kika ba goma sha bakwai bisa ashirin a bana, har kika sa aka tafa mata. Ba na jin kin riƙe sunana, don haka ba zan ɗora miki wahalarsa ba. Sau uku na zo buronki, wato ofishinki, sau uku na fito hannu rabbana. Shi ya sa na kawo maganar fili, inda babu sakatariyar da za ta ce mini kina taro.

Na farko, bari in koya miki abu guda, tunda ke kin koya mini da yawa. A wurinmu gonar gida, wato gandu, tana hannun babba. Mace kuwa mijinta ke yanka mata ƴar gona a gefe, ita muke kira gamana. Abin da ta noma a ciki nata ne, amma ƙasar ba tata ba ce. Mahaifina ya rasu ina lakol, wato makarantar firamare, ni kaɗai ya bari. Gandu yana hannun wansa, Baba Isuhu, kuma tun zamanin kakana ba a raba shi ba. Innata ta ci gaba da noma gamanarta, ba wanda ya ce mata uffan, saboda ta san ka'ida. Ba ta dasa itace a ciki, ba ta yi mata shinge, kuma duk shekara damin gero na farko a kanta take ɗaukarsa ta kai ƙofar Baba Isuhu. Wannan damin shi ne bakinta na cewa ta san aro take ci. Da gero da wake da gujiyar wannan gamana ta ciyar da ni, ta ɗinka mini kayan lakol, har na zo na zauna a gabanki. Sati biyu kika yi kina mana darasi a kan mata da mallakar ƙasa, amma ban taɓa jin kin ambaci damin farko ba, don ba ya cikin littattafan da kika karanta.

Na biyu, aikin hutu. Kin ce kowa ya koma garinsu ya samo mace manomiya, ya ɗauki muryarta a salula, ya ɗauki hotonta tsaye cikin gonarta, ya taka gonar da ƙafa ya ƙidaya tsawonta da faɗinta, ya zana ta. Sannan kika raba mana takardar neman yarda, rubuce da Faransanci, da sunan jami'a a sama da hatimi a ƙasa. Kika ce matar ta dangwala yatsa, a samo shaida guda shi ma ya dangwala.

Madam, wata ƴar ajinmu, Rabi, ƴar Gidan Rumji, ta ɗaga hannu ranar. Ta ce: "Wurinmu in an ga ana taka gona ana aunawa, ga takarda ga shedu, to saida ta za a yi ko amshe ta." Kin tuna amsar da kika ba ta? Kin ce irin wannan tsoron ne darasinki ya zo ya yi wa magani, kika tambaye ta ko jami'a ta zo ko gidan kakarta. Duk ajin ya bushe da dariya. Ni ma na yi, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi, don ina kujerar gaba kuma ina so ki gan ni. Rabi ba ta sake ɗaga hannu ba har shekara ta ƙare. Na ji daga baya cewa a ɗakinta ta zauna ta ƙirƙiro matar da gonar, ta dangwala da yatsanta na hagu. Kin ba ta goma sha ɗaya, kuma har yau danginta na cin gonarsu.

Ni kuwa mai ƙwazo ce. Na hau motar tasha na sauka Gazawa, na hau kabu-kabu na isa gida, ban ko huta ba na fito da takarda. Innata ta daɗe tana dubanta, ita da ba ta iya karatu ba. Ta ce: "Ɗiyata, ba a auna gona gaban mutane. Amma in dai shi ne za ya sa ki wuce, miƙo." Na goga mata tawadar biro a babban yatsa, ta dangwala. Maƙwabciyarmu ta dangwala a matsayin shaida. Da hantsi, ranar da mutane ke wucewa zuwa kasuwar Gangara, na taka gonar gefe zuwa gefe ina ƙidaya da ƙarfi, ina rubutawa, na tsayar da innata a tsakiya na ɗauke ta hoto. Ban ɓoye laifina ba. Ni ce ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. A garin aka haife ni, na san abin da ido zai gani, amma wata uku a gabanki sun isa na ɗauka duk abin da na taso da shi duhun kai ne.

Na uku, abin da ya biyo baya. Maƙwabciya ta gaya wa mijinta, mijinta ya kai maganar majalisa. Kafin in koma jami'a gari ya ɗauka cewa matar marigayi ta sa ɗiyarta ƴar boko ta yi wa gonar gida takardar mallaka. Magana ta kai kunnen Baba Isuhu. Ya bari sai da bazara ta kama, lokacin kai taki gona, ya aika ɗansa da amalanke ya zuba taki a gamanar innata. A wurinmu wanda ya zuba taki shi zai shuka. Da innata ta je ta durƙusa gabansa, abin da ya ce mata ke nan: "Tunda kun tahi buro kun rubuta, ku tahi buro ku noma."

Kada ki ɗauka ina wanke Baba Isuhu. Ɗansa ya yi aure, gona ta yi musu kaɗan, shi Baban ya daɗe yana kallon wannan gefen, kunya ce kawai ta riƙe shi. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Shi da Allah. Amma shekara da shekaru innata, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta san yadda za ta riƙe masa wannan kunyar da dami guda. Ke da digirinki, ni da birona, muka tsinke ta cikin hantsi ɗaya.

Mun kai magana gaban mai gari. Dattijon ya saurare ni har na gama rantse-rantsena. Ya ce shi bai ƙaryata ni ba, amma mutane sun ga hatimi, kuma bakin yarinya ba ya goge hatimi. Ya ce a kawo takardar a karanta ta gaban kowa, ko mai hatimin ta zo da kanta, ko ta rubuto cewa wannan ba takardar gona ba ce. In an yi haka zai zaunar da Baba Isuhu. Abin da ya nema ke nan, bai ƙara komai ba.

Na huɗu, buronki. Zuwan farko kika ce takardar ta shiga ajiyar bincike, ba a fitar da ita, saboda kare sirrin matan da aka yi hira da su. Sirrin innata kike karewa daga innata. Zuwa na biyu kika ce mai bincike ba ya tsoma baki cikin rikicin iyali, amma kika ba ni shawara kyauta: mu kai ƙara gaban alƙali mu nemi gadonmu. Na san muna da haƙƙi, tun kafin in san ki malamin allo ya gaya mini. Sai dai in aka raba gandun nan tsakanin duk jikokin kakana, abin da zai faɗo mana bai isa a ɗaure akuya biyu ba. Kuma bayan shari'a innata gidan nan za ta koma, ta sha ruwan rijiya ɗaya da waɗanda ta kai ƙara, su ne kuma za su ɗauki gawarta ran da ta mutu. Ke a lokacin kina wani taron.

Zuwa na uku shi ne wanda ba zan yafe ba. Ranar kin ba ni kujera, har kika sa aka kawo mini ruwan sanyi. Kika ce in sake faɗa miki komai daga farko, a hankali. Ina magana ina kuka, ke kina rubutu. Kika tsayar da ni kika ce in maimaita maganar Baba Isuhu yadda ya faɗe ta. Na fito ina gode wa Allah, na kira gida na ce Madam ta rubuta komai, wasiƙa na nan tafe.

Wasiƙar ta zo, Madam, amma a zauren jarrabawa na same ta. Na buɗe takardar tambayoyi na tarar da innata a ciki. Kin canza mata suna, amma kin bar Gangara, kin bar damin farko, kin bar amalanken taki, kin bar maganar Baba Isuhu kalma da kalma. A ƙasa kika rubuta: a bayyana yadda rashin wayewar wannan mata game da haƙƙinta ya sa ta rasa gonarta. Ƴan Gazawa da ƴan Agye da ke zauren suka riƙa waiwayowa suna dubana. Tun ranar wasu ke kirana Mai Gona in na wuce.

Kin san abin da na yi? Na amsa. Na dubi takardar, na tuna cewa in na faɗi wannan jarrabawa gonar ta tafi a banza ke nan, sai na sunkuyar da kai. Shafi huɗu na cika ina bayyana jahilcin uwata, da kalmomin da kika koya mini, a jere yadda kike so. Kika rubuta mini a gefe da jan biro cewa na fahimci darasin sosai. Na fahimce shi kuwa. Ina jin kunyar wannan shafi huɗu fiye da duk abin da na taɓa yi a rayuwata, kuma ina jin haushinki daidai da haka.

Yanzu damina ta yi nisa. Geron ɗan Baba Isuhu ya fitar da kai a gamanar, ya yi kyau ƙwarai, don ƙasa ce da aka yi shekaru ana kula da ita. Innata kuwa ƙwadago take bi. Da safe takan bi ƴan mata sa'o'ina su tafi noman gonakin mutane wajen iyakar ƙasa, ta dawo da yamma ƙafafunta a kumbure. Hanyar ta gefen gonar take bi, babu wata. Ba ta taɓa zagina ba, da ta zage ni da na samu sauƙi. Abin da take tambayata kawai shi ne: "Madam ɗin dai ta ji daɗin aikin ko?" Tana da zabuwa guda da ta hana a kai kasuwa, wai ta baƙuwa ce, don ba za a ce malamar ɗiyarta ta zo gari ta koma ba a yanka mata komai ba. Ni ce na ce mata za ki zo, kuma na rasa bakin da zan janye maganar.

Ga abin da nake roƙo, ba kuma na neman ki ba ni haƙuri, don haƙuri ba a shuka shi. Ki fito da takardar nan daga ajiyarki ki maido wa mai yatsan. Ki rubuta layi uku da hatimin nan naki, ki ce aikin ɗalibai ne, ba takardar gona ba ce. In kina da ƙarfin hali ki kawo ta da kanki gaban mai gari kafin a gama yankan gero, don da zarar ɗan Baba Isuhu ya kai taki karo na biyu, magana ta mutu. Mota na zuwa Gazawa kullum, daga nan ni zan tare ki. Ki cire innata daga darasinki da jarrabawarki, ba ta dangwala miki don wannan ba. Kuma sababbin ɗalibai na nan shigowa, ƴaƴan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kowace da uwarta da ƴar gamanarta. Kafin ki miƙa musu wannan takarda, ki nemo Rabi ki tambaye ta, ki kuma yi shiru har ta gama.

Ban ce a rufe darasinki ba. Akwai abubuwan da na ji a ciki da gaskiya ne, kuma matanmu na shan wuyar da ta fi wadda kika faɗa. Amma ban ga amfanin darasin mata da zai ci gonar mace guda ya kuma zauna ya ba ta maki ba.

Ina miki addu'a kamar yadda aka koya mini in yi wa duk wanda ya koya mini ko harafi ɗaya. Allah Ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, Ya ja kwananki har ki tsufa, ki kai lokacin da abin da kike ci yana hannun wani. Allah Ya ba ki ɗiya mai ƙwazo irina, mai jin maganar malamarta kamar yadda na ji taki.

Wassalam, daga ɗalibarki ta kujerar gaba, da ke jiran amsarki a ƙauyensu.